GONA DA ALJIHU: Kafin a ɗauko buhun taki, a tambayi ƙasa

Ga zafin bazara ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ya ga buhunan takin zamani an fara jibge su bakin shaguna. Galibinmu, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gomnati, muna da ƴar gona a ƙauye, ko kuwa muna da dangin da ke jiran mu aika musu da taki kafin shibka. Domin haka maganar yau ta shafi aljihun kowa.

Makon jiya kawuna, wanda ke sayar da yadi a Maraɗi amma gonarsa ta gado tana Tsibiri, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune bisa tabarma, da wata takarda a hannu, yana juya ta kamar wanda aka ba sammaci. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Ɗana, kai da ka yi lakkol, duba mini wannan. Ƙanenka ne ya matsa sai da aka ɗebi ƙasar gonata aka kai awo. Na biya kuɗi, ga abin da aka ba ni, lambobi tsibi, babu inda aka rubuta buhu nawa zan saya." Na ce: "Kawu, da me kuka yi niyyar saye?" Ya ce ure buhu 8, kamar kowace shekara, domin gonar eka 4 ce. Na tambaye shi ko damman hatsinsa suna ƙaruwa, sai ya yi shiru, can ya ce ganye dai yana yin kore na ɗan lokaci, amma rumbu bai shaida ba.

Na karɓi takardar na je da ita wurin wani malamin gona, muka bi ta layi-layi. Abin da muka gano shi ne nake son in kawo muku, domin irin takardar kawu ita ce mafi yawan masu gonar jigawa za su samu.

Takarda ba ta rubuta magani

Abu na farko, takardar awon ƙasa kamar takardar awon jini take. Tana faɗin abin da aka tarar, amma sai an samu mai karanta ta kafin a san maganin da za a saya. Kuma ba kowace lamba ce ke da nauyi ɗaya ba. Tun ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya yaɗa wata ƙa'ida wadda har yau malaman gona ke aiki da ita: amfanin gona yana tsayawa ne daidai gwargwadon sinadarin da ya fi ƙaranci. Ku ɗauki misalin gugan da ya huje a wurare uku. Komai ruwan da aka cika shi da shi, ba zai riƙe ba sai iyakar hujin da ya fi kusa da gindi. Wanda ya liƙe hujin sama ya bar na ƙasa, wahalar banza ya yi. To, aikin mai karanta takarda shi ne ya gano hujin ƙasa.

Layi na farko: pH

Wannan shi ne ma'aunin tsamin ƙasa. Yana tafiya daga 0 zuwa 14, kuma 7 ne tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 ya karkata wajen tsami, kamar lemun tsami. Abin da ya haura 7 ya karkata wajen kanwa da toka. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku, domin tsakanin 6 da 5 tsamin ninki goma ne. Yawancin abin da muke shibkawa ya fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan aka sauko ƙasa da 5,5, sinadarin alminiyom da ke cikin ƙasa yakan fara narkewa, ya hana saiwa miƙewa, ya kuma riƙe fosfor ya hana tsiro samunsa. Takardar kawu ta nuna 5,3. Hatsi yana da haƙuri da tsami fiye da masara, amma duk da haka an kai bakin iyaka. Abin da kawu bai sani ba shi ne, ure da ake zubawa shekara da shekaru ba tare da takin gida ba yana ƙara wa ƙasa tsami. Wato da kuɗinsa yake sayen ciwon gonarsa.

Layi na biyu: matière organique

Wannan shi ne ruɓaɓɓen kara da ganye da kashin dabbobi da ya zama jikin ƙasa. Shi ke riƙe laima, shi ke riƙe taki kada ruwa ya wanke shi. A gonakin jigawa na Sahel da wuya a same shi ya kai kashi 1 bisa 100, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba. Na kawu 0,3 ne. Wasu takardu kan rubuta carbone organique maimakonsa. Idan haka ne sai a ninka lambar sau 1,7 a samu kwatankwacinsa.

Kusa da wannan layi akwai wani mai suna CEC, wanda ake rubutawa da méq/100 g ko cmol/kg, duka abu ɗaya ne. Ku ɗauke shi a matsayin girman rumbun ƙasa, wato yawan takin da za ta iya ajiyewa. Ƙasar laka ta fadama takan haura 10, amma ta kawu 1,5 ce, ga yashi kashi 93 bisa 100. Ma'anar wannan a fili take: wanda ya zuba taki mai yawa lokaci guda a irin wannan ƙasa, kamar mai zuba ruwa a rariya ne. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya gangarar da ure ƙasa da inda saiwa take kaiwa.

Ba haka kawai gonakinmu suka zama haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. A da manomin Gobir yakan bar gona ta huta shekaru, makiyaya su kwana da shanunsu a ciki bayan girbi, kara kuma ya ruɓe inda ya faɗi. Yau mutane sun yawaita, saura ta ƙare, gona tana aiki kowace damana, kara ana kwashe shi ƙaf domin dabbobi da danni da girki, har ma ya zama hajar kasuwa. Ana ta ɗiba ba a mayarwa.

Layi na uku: phosphore assimilable

Nan ne hujin ƙasa yake. Wannan layi yana nuna fosfor da tsiro zai iya sha, kuma ana rubuta shi da mg/kg ko ppm, su ma abu ɗaya ne. Binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar ICRISAT ta Sadoré, kudu da Yamai, da kuma ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975 kuma take da tasha a Tarna nan kusa da mu, ya tabbatar da cewa a ƙasar yashi ta Nijar fosfor shi ne sinadarin da ya fi tauye hatsi, har ma idan babu shi azot ba ya yin aikin kirki. Bisa awon da ake kira Bray 1, hatsi yana bukatar wajen 8 mg/kg kafin ya ba da abin da ya kamata. Gonar kawu 3 take da shi.

Domin a gane girman abin, ga ɗan lissafi. Eka ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, idan aka auna ƙasarta zuwa zurfin santimita 20, nauyinta ya kai kimanin tan 3.000. Saboda haka kowane 1 mg/kg daidai yake da kilo 3 a eka. Ke nan duk fosfor da tsiro zai iya samu a eka ɗaya ta gonar kawu kilo 9 ne kacal, warwatse cikin tan 3.000 na yashi. Shi ya sa hatsinsa ke tashi a tsugune, ba ya yin ƴaƴa da yawa a gindi, ganyen wani lokaci ya yi ja-ja. Ure kuwa babu ko ƙwayar fosfor a cikinsa. Shekara nawa kawu yana ba mai ƙishirwa tuwo.

A lura da sunan awon da aka rubuta kusa da lambar. Bray na ƙasa mai tsami ne; idan pH ya haura 7, awon Olsen ne ya dace. Lambobin biyun ba a gwama su, kamar yadda ba a gwama jaka da naira ba tare da canji ba.

Layi na huɗu da na biyar: azote da potassium

Azote total kusan kullum ƙarami ne a jigawa. Na kawu 0,02 bisa 100 ne. Sai dai wannan lamba ba ta faɗin abin da tsiro zai sha a wannan damana, domin azot ba ya zama wuri ɗaya: ruwa na wanke shi, zafi na tashi da shi sama. Saboda haka ba daga takarda ake yanke yawan ure ba, daga irin shibkar da yanayin ruwa ake yanke shi. Hatsi da dawa da masara suna son sa. Wake da gujiya kuwa suna samar da nasu daga iska ta hanyar ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu, ba su bukatar ure. Abin da suke so shi ne fosfor da kalsiyom da farar wuta, waɗanda duka ke cikin takin sufa. Dattawan da suka ga zamanin gujiya a jahar Maraɗi, kafin farin shekarun 1970, sun san wannan taki.

Potas kuwa, a yawancin gonakin hatsi ba shi ne matsalar farko ba. Amma mafi yawan potas da hatsi ke sha cikin kara yake zama, don haka gonar da ake share karanta kowace shekara za ta wayi gari shi ma ya gaza.

Daga takarda zuwa buhu

Yanzu sai mu koma kasuwa. Lambobi ukun da ke jikin buhu suna nufin azot, fosfat da potas, bi da bi, kashi nawa bisa 100. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7,5 na kowanne. Buhun 20-10-10 da ke shigowa daga Najeriya yana da azot kilo 10, amma fosfat kilo 5 kawai. Buhun DAP, mai lamba 18-46-0, yana da azot kilo 9 da fosfat kilo 23. Sufa yana da fosfat wajen kilo 9 zuwa 10. Ure kuwa azot ne tsantsa, kilo 23 a buhu. Wanda ke neman fosfor, buhun DAP ɗaya ya yi masa aikin buhu 3 na 15-15-15, ya kuma fi buhu 4 na 20-10-10. Ke nan tambayar da ta dace a bakin shago ita ce nawa kilon abin da gonata ke nema ya kama, domin buhu mai araha yana iya zama shi ne mafi tsada. Wani abin lura kuma, fosfat na jikin buhu, wanda ake rubutawa P2O5, bai zama ɗaya da P na takardar awo ba: kilo 100 na P2O5 kilo 44 ne na P.

Sai yadda za a zuba. Tsohuwar shawarar masu bincike ita ce a watsa fosfor kilo 13 a eka, abin da ya fi ƙarfin talaka. A shekarun 1990 masu bincike a Nijar, cikinsu har da André Bationo ɗan Burkina Faso, wanda aka ba lambar yabo ta Africa Food Prize a 2020, suka nuna cewa idan aka sa ɗan kaɗan cikin ramin shibka, kusa da iri, kilo 4 ma yana ɗaga amfani sosai. Ma'aunin shi ne giram 6 na 15-15-15 a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemu, ko kuwa giram 2 na DAP, wato abin da yatsu uku za su tsinka. Idan an bar mita ɗaya tsakanin rami da rami, eka tana da rami 10.000, ke nan kilo 60 na 15-15-15 ko kilo 20 na DAP. Wannan dabara ce shirin FAO na kayan noma, wanda ya fara a 1999, ya yaɗa tare da ƙananan shagunan taki na ƙauye da tsarin jinginar da hatsi a rumbun ƙungiya.

Ga abin da muka tsayar wa kawu. Eka 4 sau kilo 20, DAP kilo 80 ke nan, buhu 2 har da saura. Ure buhu ɗaya a eka, wato buhu 4 maimakon 8, a raba shi biyu: rabi bayan cira, rabi lokacin da hatsi ya fara miƙe kara, kowane karo a kan danshi, a tona a rufe, kuma idan ruwa ya ɗauke a dakata. Kuɗin da ya rage a sayi takin gida da shi, a kai da amalanke. Ko giram 200 aka sa a kowane rami, tan 2 ke nan a eka. Sai kuma a bar wani kaso na kara a gona, a ware eka ɗaya a sa mata wake, a riƙa juya wurin kowace shekara. Na ƙara masa da gargaɗi biyu. Na farko, kada taki ya taɓa iri, musamman ga mai yin binne kafin ruwa, domin yana ƙona tsiro. Na biyu, sa ɗan kaɗan a rami ba ya cike abin da hatsi ke kwashewa. Wanda ya dogara da shi kaɗai ba takin gida, bashi yake ci daga ƙasarsa. Ga mai hangen nesa akwai kuma garin dutsen fosfat na yankin Tawa, wanda ke narkewa sannu a hankali kuma ya fi aiki a ƙasa mai tsami.

Jiratawa daban take

Kada wani ya ɗauki lissafin kawu ya kai shi kowace gona. Manomanmu tun kaka da kakanni sun bambanta jigawa da geza da fadama, kuma awon zamani bai ƙaryata su ba. Mu ɗauki filin noman rani na Jiratawa, mai sama da eka 500, wanda aka shirya a farkon shekarun 1980 kuma ake shayar da shi da rijiyoyin burtsatse. Can ƙasar kwarin Gulbi ce, ta fi laka, ana noma ta rani da damana, kuma an daɗe ana zuba mata taki. Fosfor ba ya saurin gudu daga ƙasa, don haka mai fili a can yana iya tarar da nasa ya riga ya taru. Idan takarda ta nuna haka, kuɗin fosfat na bana ya huta. Zogale kuwa da ake yankan ganyensa a kai a kai yana kwashe azot da potas, su ne za a duba.

Akwai kuma layin da mai jigawa zai tsallake amma mai ban ruwa bai kamata ya tsallake ba: conductivité électrique, ma'aunin gishiri. Duk inda ake ban ruwa a ƙasa mai zafi, ruwa na tashi sama ya bar gishirinsa. Bisa awon da ake kira pâte saturée, ƙasar da ta kai 4 dS/m an ɗauke ta mai gishiri, amma albasa tana fara raguwa tun daga 1,2, tumatir daga 2,5. Idan wannan lamba ta hau, ƙarin taki ƙarin gishiri ne. Maganin yana wajen gyaran magudanar ruwa. Ga shi kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, ambaliyar Gulbi mai kawo sabuwar laka ta ragu, abin da ya sa ƙasar kwari ma ta fi bukatar a sa mata ido.

Awo daga gona yake farawa

Takarda ba ta fi ƙasar da aka kai ba. Wanda ya ɗebi ƙasa wuri ɗaya, gindin gawo ko kan suri ko tsohon makwancin shanu, za a ba shi lambobi masu daɗi waɗanda ba na gonarsa ba ne. Ƙa'ida ita ce a ratsa gonar a karkace, a ɗiba wuri 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a gauraya cikin bokitin roba mai tsabta, a cire kamar rabin kilo, a shanya a inuwa. Idan gona rabi jigawa ce rabi geza, kowane ɓangare da nasa ƙunshi. A rubuta sunan wurin, da abin da aka shibka bara, da abin da za a shibka bana. A yi shi kuma tun da rani, kafin a zuba komai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya cikin shekara uku ko huɗu ya wadatar. Mai neman hanya ya tuntuɓi ma'aikatan gona na yankinsa, ko tashar Tarna, ko majalisar manoma ta jaha, ko sashen ilimin noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Maƙwabta masu ƙasa iri ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi awo guda.

Kira

A watan Yunin 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a eka kafin 2015, alkawarin da bai cika ba. Da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayun 2024, sai suka haɗa maganar taki da ta lafiyar ƙasa. Mu nan kuwa mun ga yadda farashi ya yi tsalle bayan karya darajar sefa a 1994, da lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Abin da ke tsada haka ba a zuba shi da ka.

Ga ƴan kasuwa masu sayar da taki, ku tambayi mai saye irin gonarsa da abin da zai shibka, ku kawo DAP da sufa kusa da ure, ku yarda ku sayar da kilo-kilo ga mai ƙaramin ƙarfi. Manomin da rumbunsa ya cika shi ne zai dawo shagonku baɗi. Ga ma'aikata masu aika taki gida, ku aika da bayani tare da buhu. Ga masu awo kuma, muna roƙon a riƙa ƙara layi biyu ko uku da Hausa a ƙarshen takarda, a ce ga abin da ya gaza, ga abin da za a saya.

Kawu dai ya karɓi lissafin, amma bai miƙa wuya duka ba. Ya ce: "Ɗana, na ji, amma gani ya kori ji. Eka 3 zan bi takardarka, eka ɗaya zan yi yadda na saba, in kaka ta yi mu ƙirga damma." Na ce: "Kawu, haka su ma na Tarna suke yi." Mun yi alkawari zan je Tsibiri ranar ɗaurin damma, kuma abin da muka ƙirga, ko ya ba ni gaskiya ko ya ba shi, zan kawo muku shi a wannan fili.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.